Mamayar Japan a Ƙasashen Asiya: Dalilai da Sakamako

Gabatarwa

Wannan takarda za ta duba yadda Japan, ƙasar da ta tsira daga mulkin mallakar Turawa, ta koma tana mallake maƙwabtanta tsakanin 1895 da 1945.

Dalilai

Dalili na farko shi ne tsoro. A 1853 jiragen ruwan yaƙi na Amurka suka isa gaɓar Japan, suka matsa mata ta buɗe tashoshinta ga ciniki. Shugabannin da suka karɓi mulki a 1868 da sunan Sarki Meji sun ga wulaƙancin da ƙasar Sin ta sha a hannun Ingila. Don haka suka kafa masana'antu da rundunar soja irin ta Turai, domin a ganinsu ƙasa ko dai ta ci, ko a cinye ta. Sun ci Sin da yaƙi a 1895 suka karɓe tsibirin Taiwan, suka ci Rasha a 1905, sannan suka haɗiye Koriya a 1910.

Dalili na biyu shi ne ƙarancin albarkatun ƙasa. Masana'antun Japan na buƙatar man fetur da ƙarfe da roba, ita kuwa sai ta sayo su daga waje. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, farashin siliki ya faɗi, manoma suka shiga ƙunci, sai idon sojoji ya koma kan yankin Mancuriya na ƙasar Sin.

Dalili na uku, sojoji sun fi ƙarfin gwamnati. A 1931 wasu hafsoshi suka dasa bam a layin dogo kusa da Mukden, suka ɗora wa Sinawa laifi, suka mamaye Mancuriya ba da izinin gwamnati ba. Daga nan kowace mamaya sai ta haifi wata. Yaƙi da Sin ya ɓarke a 1937. A 1941 Amurka ta daina sayar wa Japan mai, ita kuma ta kai hari tashar Pearl Harbor domin ta sami hanyar kama rijiyoyin man Indonesiya.

Sakamako

Miliyoyin mutane sun halaka, mafi yawansu a Sin, inda har yau ba a manta da kisan gillar birnin Nanjin na 1937 ba. Wutar ta kai har ƙasar Hausa, domin Ingila ta kwashi sojojin Afirka ta Yamma, ciki har da Hausawa da yawa, suka yaƙi Japan a Bama. Japan ta miƙa wuya a watan Agusta 1945 bayan an jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, ta rasa duk ƙasashen da ta mallaka. Aka raba Koriya gida biyu, kuma har yanzu a rabe take. Amma faɗuwar Singafo a 1942 ta zubar da kwarjinin Turawa, ta yadda Indonesiya da Biyetnam suka ayyana ƴancin kai a 1945.

Kammalawa

Hausawa na cewa kwaɗayi mabuɗin wahala. Japan ta fita neman tsaro da albarkatu da bakin bindiga, ta ƙare a ƙarƙashin sojojin Amurka har 1952. Arzikin da yaƙi bai ba ta ba, daga baya ta same shi ta hanyar ciniki, ƙarƙashin tsarin mulkin 1947 wanda ya haramta mata yaƙi.