Yadda Al'adar Ayyana Yayin Launi da Zane ta Kowace Shekara ta Samo Asali

Al'adar da kamfanoni da makarantun intanet suke bi a ƙarshen kowace shekara, ta fitar da sanarwa a kan launuka da salon zanen da za a yi yayinsu a shekara mai kamawa, ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, domin tushenta yana cikin sana'ar rini da saƙa ta ƙasashen Turai da Amurka. A shekarar 1856 wani matashi ɗan Ingila mai shekara 18, William Henry Perkin, yana ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro sai ya samu rini mai ruwan shunayya daga kwaltar gawayin ƙasa, wanda ya zama rinin masana'anta na farko da ya shiga kasuwa sosai. Kafin ƙarshen wancan ƙarni kamfanonin Jamus irin su BASF da Bayer da Hoechst sun mamaye wannan ciniki, launuka kuma suka yawaita har suka haifar da matsalar da ba a san ta ba a zamanin da marina ke dogaro da itatuwa da ganyaye, wato yadda masaƙi da mai ɗinka hula da baduku, waɗanda ba su san juna ba, za su fitar da kayan da launinsu zai dace idan mace ɗaya ta saka su gaba ɗaya.

Maganin da aka fara samowa shi ne katin launi, wato takarda da ake manna mata ƙyallayen siliki da aka rina, kowane da sunansa, wadda marinan Faransa ke fitarwa kafin kowace kakar ciniki, masana'antun Amurka kuma su yi koyi da ita. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, hanyar samun katunan Faransa da rinin Jamus ta toshe, sai masu yin hulunan mata da masu masaƙu suka kafa ƙungiyar katin launi ta Amurka a birnin New York a 1915. Margaret Hayden Rorke, wadda ta shugabanci ayyukanta fiye da shekara 30, ta mayar da hasashen launi sana'a mai tsari. Abin lura a nan shi ne hasashen yana cika ne saboda waɗanda suka yi shi su ne masu masana'antun da za su rina kayan, don haka ya fi kama da yarjejeniya tsakanin 'yan kasuwa fiye da hangen abin da jama'a za su so, kuma wannan ɗabi'a ba ta rabu da al'adar ba har yau.

Daga masaƙa al'amarin ya koma maɗaba'a. Lawrence Herbert ya sayi kamfanin Pantone a 1962, a shekara ta gaba kuma ya fitar da tsarin da ya bai wa kowane launi lamba tare da ma'aunin tawadar da ake haɗawa a same shi, ta yadda mai zane a wani gari zai ambaci lamba kawai, mai ɗab'i a wata nahiya ya fitar da launin daidai. Wannan aiki ne mai amfani ƙwarai wanda ya cancanci yabo. Sai dai tun daga launin shekarar 2000, lokacin da kamfanin ya zaɓi wani shuɗi mai ruwan sararin sama, ya shiga ayyana launin shekara a kowane watan Disamba, abin da ya fi karkata ga talla, tunda sanarwar kan zo tare da kayan sayarwa da aka riga aka yi da launin.

Koyar da zane ta intanet ya taso ne daga wata ƙuntatawa ta fasaha. A tsakiyar shekarun 1990 yawancin allunan kwamfuta launi 256 kaɗai suke iya nunawa a lokaci guda, a cikinsu kuma 216 ne ke fitowa iri ɗaya a manyan nau'o'in kwamfuta. Lynda Weinman, malamar zane a California, ta yayata wannan jeri a littafin da ta wallafa a 1996 a kan zanen shafukan intanet, dandalin lynda.com da ta kafa a 1995 kuma ya rikiɗe ya zama taskar darussan bidiyo da ake biyan kuɗi a kalla, har kamfanin LinkedIn ya saye shi a 2015 a kan kimanin dala biliyan 1.5. Irin wannan dandali, da darussan kyauta na YouTube, sun buɗe ƙofar sana'ar ga mutanen da ba su taɓa taka makarantar zane ba, ciki har da matasan Kano da Yamai da ke zana katin biki da tallan 'yan kasuwa a wayoyinsu, kuma wannan alheri ne da ba a musun sa.

Amma haɗuwar darasi da yayi ta gajarta rayuwar salo. Lokacin da Apple ya fitar da manhajar iOS 7 a 2013 ya watsar da salon kwaikwayon zahiri, wato zana maɓalli da inuwa da ƙyalli kamar ana iya taɓa shi, ya koma shimfiɗaɗɗen zane mai launi tsantsa, Google kuma ya biyo baya da nasa tsarin a 2014, darussa masu yawa da aka ɗauka kafin nan suka zama tsohon yayi cikin ɗan lokaci, masu koyarwa suka sake ɗaukar wasu. Tunda darasin da ke ɗauke da sunan sabuwar shekara ya fi jan masu kallo, mai koyarwa yana da dalilin sanar da sabon salo ko da ba a samu wani sauyi na haƙiƙa ba, ɗalibai a ƙasashe daban-daban kuma sukan kwafi misali guda a mako guda, ayyukansu su fito kamar an buga su da hatimi ɗaya, alhali ilimin da ba ya tsufa, irin su daidaita haruffa da barin sarari da bambanta haske da duhu domin mai raunin gani ya iya karatu, ba ya samun irin wannan talla. Dogaron sana'ar a kan kamfanoni ƙalilan ya fito fili a ƙarshen 2022, lokacin da aka cire yawancin launukan Pantone daga manhajojin Adobe sai ga wanda ya biya ƙarin kuɗin wata-wata, masu zane da dama kuma suka buɗe tsofaffin ayyukansu suka tarar wuraren da launukan suke sun koma baƙi.