Taba da Kanwa a Ƙasar Gusau

Taba ba tsiron ƙasar Hausa ba ce, domin asalinta nahiyar Amurka ne, kuma Turawa ba su san ta ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta shekarar 1492. Cikin ƙarni ɗaya da 'yan shekaru ta ratsa teku da hamada har ta zama abin jayayya tsakanin malaman Afirka ta Yamma, inda a shekarar 1607 Ahmad Baba, malamin Tumbuktu da aka kai Marrakesh a matsayin fursuna, ya rubuta fatawar da ta halatta shan ta muddin ba ta gusar da hankali ba. Wannan sharaɗi nasa ya nuna cewa tun farko ƙarfin taba ne abin da ya fi ɗaukar hankalin masu magana a kanta, kuma ba kowa ya bi ra'ayinsa ba, don daular Masina ta Shehu Amadu ta haramta ta a ƙarni na 19, malaman Tijjaniyya ma suka tsananta hani a kanta. Duk da haka noman bai tsaya ba, domin lokacin da Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya ratsa ƙasar Katsina a 1851 ya tarar da gonakin taba, ya kuma lura da yadda ake tauna ta haɗe da kanwa.

Ƙasar da ta haɗa Gusau, Tsafe da Bunguɗu, har da garuruwa irin su Karakkai da Kwatarkwashi, tana cikin yankin da ake kira Katsinar Laka, kuma alaƙarta da Katsina ta malanta ce da fatauci tun zamanin da 'Yandoto take cibiyar karatu. Kogin Sakkwato yana ratsa ta, fadamunsa kuwa, wato ƙasar da ke riƙe danshi bayan ɗaukewar ruwa, su ne irin wurin da taba ke so. A al'adar manoman Hausa ana yafa irin a ɗan fili, saboda ƙwayarsa ta fi ta gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba, sannan a cire dashe a kai fadama wajen ƙarshen damina. A nan ne manomi ke fuskantar zaɓin farko. Idan ya katse kan tsiron kafin ya yi fure, abincin da zai tafi ga furen sai ya koma ganye, ganyen ya yi kauri, nikotin ya ƙaru a cikinsa, wato sinadarin da ke sa juwa da sabo. Idan kuwa ya bar shi, zai sami fure, wanda mata ke saye su goga a haƙora tare da goro don su yi ja, har kalmar fure ita kaɗai ta zama tana nufin furen taba a bakin 'yan kasuwa. Gona ɗaya ke nan da kasuwa biyu, kuma samun ɗaya yana rage ɗaya.

Zaɓi na biyu yana hannun mai daka. Bayan ganye ya bushe sai a daka shi a turmi a sami taba gari, a zuba a batta, wato ƙaramin mazubi na fata ko na ƙarfe da ke shiga aljihu, mai shaƙa ya ɗiba da yatsu biyu, mai taunawa kuma ya dasa ta tsakanin leɓe da dasashi ya ɗora ɗan gutsuren kanwa a kai. Kanwa gishirin ƙasa ce da fatake ke kawowa daga Barno da Manga, kuma aikinta a nan ya wuce gyaran ɗanɗano. Tana rage tsamin da ke cikin baki, kuma idan tsami ya ragu nikotin yakan saki jiki ya ratsa fatar baki cikin hanzari, shi ya sa ganye ɗaya zai iya zama mai sanyi a bakin wani, ya bugar da wani, gwargwadon kanwar da kowa ya sa. Buzaye suna cim ma wannan manufa da toka. Masu wannan sana'a ba su karanta ilmin haɗa sinadarai ba, amma sun san cewa kanwar da ta yi yawa tana ƙona baki ta kashe ƙamshin ganyen, wadda ta yi kaɗan kuma tana barin mai saye ya ce taba ba ta ji ba, don haka gwanin mai taba shi ne wanda ya san inda zai tsaya. Masu lofe, wato tukunyar taba ta yumɓu mai dogon bututu, su ma ganyen da ya kwana biyu suke nema, domin sabo yana kartar maƙogwaro.

Abin sha'awa ne cewa wannan matsala ce ta dami masu tabar naɗi ta Kyuba da maƙwabtanta, wadda ake naɗe ganye cikin ganye ba tare da takarda ba. Su ma sun raba tsiron hawa uku da sunayen Sifaniyanci: volado na ƙasa mai saurin cin wuta, seco na tsakiya mai ƙamshi, da ligero na sama wanda ya fi shan rana, ya fi ƙarfi, ya kuma fi buƙatar daɗewa a ajiye. Lokacin da kasuwar wannan taba ta bunƙasa a Amurka bayan fitowar mujallar Cigar Aficionado a 1992, mai sanyi ta Jamhuriyar Dominika ce ke gaba, amma daga farkon shekarun 2000 masu saye suka karkata ga mai ƙarfi ta yankin Esteli a Nikaragwa, kamfanoni suka shiga gasar cusa ligero. Ƙorafin masana a kan wannan gasa bai bambanta da na mai taba gari a kasuwar Tsafe ba, cewa ƙarfi yana da sauƙin samu, ƙamshi kuwa sai da ajiya da haƙuri.

A ƙasar Hausa tarihi ya bi akasin wannan hanya. Jirgin ƙasa daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kantunan kamfanonin da ke sayen gyaɗa da auduga suka kawo sigari cikin kwali da gwangwani, sannan kamfanin Nigerian Tobacco Company, wanda ya gaji masana'antar Ibadan ta 1937, ya buɗe wata a Zariya a 1959, yana raba iri ga manoman fadama yana saye bisa darajojin da shi ya tsara. Sigari ya fi taba gari laushi a baki, kuma a nan haɗarinsa yake, domin hayaƙinsa ba ya ratsa fatar baki sosai, sai an zuƙe shi zuwa huhu, inda nikotin ke isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙu kaɗan. Laushin ne ya buɗe ƙofa ga samari, mai tebur yana sayar musu kara ɗaya-ɗaya, batta da lofe suka koma hannun dattawan karkara, ma'aunin ƙarfi kuma ya bar yatsun mai sha ya koma masana'anta. Kamfanin Nigerian Tobacco Company ya narke cikin British American Tobacco a shekarar 2000, kuma dokar tarayya ta 2015 ta hana sayar da sigari ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da shi kara-kara, ko da yake tebur yana nan a bakin tasha.