Gada, Tasha da Dandali: Tarihin Sufuri da Raya Al'adu a Tsibirin Ikko

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, zumunta a ƙafa take. Haka ma kasuwa, haka gidan wasa: idan babu hanyar zuwa da ta komawa, makaɗi sai ya kaɗa wa kansa. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bin sawun yadda abubuwan hawa na haya suka raya al'adu a Tsibirin Ikko, wato cibiyar birnin Legas, da kuma yadda suka gaza masa daga baya.

Zamanin Gada da Tarago

Kafin 1901 kwalekwale ne kaɗai ke sada tsibirin da gaɓar tudu. A wannan shekara aka buɗe Gadar Kata, aka kuma buɗe layin dogo daga Iddo zuwa Badun. A 1902 sai aka fara gudanar da wani ɗan ƙaramin jirgi mai tururi, wanda ke kwasar fasinja daga Iddo ya ƙetare gada ya shiga gari. Shekara guda bayan haka, a 1903, aka nuna majigi na farko a ƙasar nan a Zauren Gulwa, wato ɗakin taron tunawa da Gwamna Glover. A wannan zaure ne kuma Hubert Ogunde ya gabatar da wasansa na farko a 1944. Masu kallon ba 'yan tsibirin ba ne kaɗai. Da yawansu daga Ebute Metta da Yaba suke zuwa.

Hausawa ba baƙi ba ne a wannan tarihi. Tun 1863 Glover ya kafa rundunar da ake kira da sunansu, kuma zaman sojojin Hausawa na daga cikin abin da ya raya unguwar Obalende. Da dogo ya isa Kano a 1911, sai fataken goro da na shanu suka riƙa sauka a Iddo.

Zamanin Bas da Molue

A 1929 wani Bagirke mai suna Zarpas ya kafa kamfanin bas, wanda hukumar gari ta saye a 1958. Amma jama'a sun fi ƙarfin motocin hukuma, saboda haka sai molue da danfo suka cike gurbin. Duk wanda ya taɓa hawa molue ya san cewa ita kanta dandali ce: ga mai wa'azi, ga mai tallar magani, ga gardamar siyasa cikin Yarabanci da Buroka. Wahalar cikinta ce Fela Anikulapo-Kuti ya yi wa waƙa a 1978. Daɗin daɗawa, tashoshin da kansu sun zama matattara. A Obalende, inda motoci ke juyawa har tsakar dare, nan masu tsire da mashaya da masu faifai suka kafu, domin inda fasinja ya tsaya nan ciniki yake.

Cunkoso da Koma Baya

Arzikin mai ya cika titi da motoci. An buɗe Gadar Eko, daga baya kuma aka buɗe gada ta uku a 1990, amma cunkoso bai ragu ba. Jirgin cikin gari da Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar a 1983, mulkin soja ya soke shi a 1985. Bugu da ƙari, a 1991 gwamnatin tarayya ta ƙaura zuwa Abuja. Sakamakon haka, ma'aikacin da zai shafe sa'o'i kafin ya isa gida ba ya tsayawa kallon wasa bayan magariba. Gidajen silima suka mutu ɗaya bayan ɗaya, titin Broad ya zama na rana kawai: da hantsi ba masaka tsinke, da dare tsit.

Kammalawa

A 2008 aka fara bas mai layinta na musamman daga Mile 12 zuwa CMS. A 2010 aka mayar da tsohon kurkukun titin Broad dandalin kiɗa da wasanni. A 2023 kuma jirgin lantarki ya fara zirga-zirga tsakanin Marina da Mile 2, shekara 40 cif bayan yunƙurin Jakande. A ganinmu, gina dandali kaɗai bai wadatar ba. Abin da tarihin nan ya nuna mana shi ne, tsibirin yana raye ne gwargwadon yadda talaka zai iya shigarsa da kuɗin da ke aljihunsa, ya kuma sami motar komawa bayan an tashi daga wasa. Muna fatan ɗalibanmu da ke bin wannan hanya kullum za su karkaɗe alƙalumansu su rubuta abin da suke gani a cikinta.