Daga Dorugu zuwa Matan Kaita: Tarihin da Mutum ke Bayarwa da Bakinsa

Ɗaya daga cikin tsofaffin labaran rayuwa da aka rubuta da harshen Hausa ya fito ne daga bakin wani yaro ɗan ƙasar Damagaram. Sunansa Dorugu, haifaffen Dambanas kusa da Kance. An kama shi bawa tun yana ƙarami, daga baya Bajamushe Overweg ya ƴanta shi. Bayan rasuwar Overweg a 1852 sai ya bi Heinrich Barth har Tambutu, kana suka isa Ingila a 1855. A can ne ya zayyana wa J. F. Schön rayuwarsa, aka buga ta cikin littafin Magana Hausa a 1885.

Abin da ya raya labarin shi ne ƙananan abubuwan da idon yaro ya riƙe: rabuwa da iyaye, wahalar hanya, da yadda Turawa ke zaman cin abinci. Haka ma Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarinta a ƙasar Zazzau, aka wallafa shi a 1954. Aure, ƙawance da zaman kishi su ne ginshiƙan littafinta.

Ƙasar Adar ta samu masanin tarihi. A 1975 Djibo Hamani ya fitar da nazarinsa kan Adar kafin zuwan Turawa, inda sarauta da yaƙe-yaƙe suka samu gurbi. Amma tarihin talaka yana nan a cikin ƙirazan masu shi. A Madawa, Buza da Kaita akwai dattawan da suka ga yunwar 1984, wadda jama'a suka laƙaba wa suna El-Buhari. A shekarar ce aka soma aikin raya karkara na Kaita da tallafin Italiya. Da yake maza da yawa sun tafi ci-rani, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun da aka jera a tsaunuka da fadamu don tare ruwa, ana biyansu da abinci.

Rahotanni sun ƙidaya itatuwan da aka dasa. Nauyin dutse a ka kuwa, da yadda aka raba tiya ɗaya tsakanin yara, sai wadda ta yi ce za ta faɗa. Yawancin matan nan sun manyanta. Malamin makaranta da ya zauna gaban ɗayarsu da alƙalami, ya bar ta ta yi magana da Adarancinta ba tare da gyara ba, ya yi wa Adar abin da Schön ya yi wa Dorugu.