GABAR BARNO DA SAKKWATO: YAƘIN TAKOBI DA NA ALƘALAMI

Duk wanda ya zauna a Maiduguri ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa. Yau dariya ake yi, amma shekaru ɗari biyu da suka wuce takobi ne ke yanke wannan gardama.

Kafin jihadi, Barno ce babbar daula a wannan yanki. Sarakunan ƙasar Hausa kan aika da gaisuwa Birnin Gazargamu, almajirai na tafiya gabas neman Alƙur'ani, kuma daga can muka aro sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima. Da jihadin Shehu Usmanu ya tashi a 1804, sai aka sami giwaye biyu a dawa ɗaya.

A 1808 Gwani Mukhtar ya ci Gazargamu, Mai Ahmad ya gudu, ya miƙa sarauta ga ɗansa Dunama. Dunama ya nemi taimakon wani malami da ke Ngala, Muhammadul Amin El-Kanemi. Shi ya tara mayaƙa aka ƙwato birnin, aka kashe Gwani Mukhtar. Ba a jima ba Malam Zaki na Katagum ya sake aukawa birnin. Daga ƙarshe aka bar Gazargamu kufai, El-Kanemi ya kafa Kukawa a 1814. Yammacin ƙasar Barno kuwa ya suɓuce, inda masarautun Haɗeja da Katagum da Misau suka tsaya da tutar Sakkwato.

Ana wannan yaƙi ana kuma musayar wasiƙu. El-Kanemi ya tambayi dalilin yaƙar mutanen da ke salla da azumi, yana mai cewa aikata saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Muhammadu Bello ya amsa da cewa Barno ce ta goya wa sarakunan Hausa baya a kan jama'ar Shehu. Bello bai ɓoye hujjar abokin gabarsa ba, ya adana wasiƙun a littafinsa Infaƙul Maisuri.

A ƙarshen 1826 El-Kanemi ya ɗauro yaƙi ya nufi Kano. Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi a farkon 1827, ya mayar da shi baya. Daga nan kowa ya san iyakarsa. Allah da ikonsa, El-Kanemi da Muhammadu Bello suka rasu a shekara ɗaya, 1837.

Irin wannan ta faru a gabashin Asiya. Japan ta koyi rubutu daga Sin, amma a 1894 ta yaƙe ta a kan Koriya, ta ci nasara, ta karɓe Taiwan a 1895. Bambancin shi ne, a nan babu wanda ya kayar da wani, sai talakawan bakin iyaka da suka sha hari da bauta.

Baƙo ne ya zo ya kwashe duka. Rabe ya rusa Kukawa a 1893, Faransawa suka kashe shi a 1900, Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, sannan Shehu Garbai ya tare a Yerwa a 1907.

Don haka in ka ji ana tsokanar juna a Kasuwar Monday, ka gode wa Allah da gabar ta koma wasa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da Barno lafiya.