Kwaikwayo ko Ƙirƙira: Abin da Ya Faru da Masu Wasannin Talabijin

Duk wanda ya yi zaman kasuwa ya san halinmu: yau wani ya kawo kaya sun karɓu, gobe sai ka ga layi gaba ɗaya ya cika da irinsu. To, masu ƙera wasannin nan da yaranmu ke bugawa a talabijin da waya, su ma sun sha wannan gardama: a bi sawun wanda ya yi kasuwa, ko kuwa a fito da sabon abu?

A shekarar 1972 wani Ba'amurke, Nolan Bushnell, ya ga wasan ƙwallon tebur a wata na'ura ta kamfanin Magnavox. Da ya kafa kamfaninsa na Atari, sai ya sa injiniyansa, Allan Alcorn, ya yi masa irinsa. Shi kuwa Alcorn bai tsaya ga abin da aka ce masa ba. Ya sa wa wasan sauti, ya sa ƙwallon ta riƙa ƙara gudu, kuma inda ta bugi sanda shi ke nuna inda za ta nufa. Aka sa masa suna Pong, aka ajiye shi a wata mashaya a Kalifoniya. Ba a jima ba aka ce injin ya lalace. Da aka buɗe, ashe kuɗi ne suka cika akwatin har suka toshe shi! Magnavox ya kai ƙara, aka sasanta a 1976, Atari ya biya. Wato dai Pong ɗan aro ne, amma an yi masa ƙari.

Sai mu leƙa Japan. A 1978 kamfanin Taito ya fitar da Space Invaders, wasan harbin dodannin sama, duniya ta ɗauka. Nan fa kowa ya shiga yin nasa na harbi. Cikinsu har da Nintendo, tsohon kamfanin da ya fara da buga katin karta a birnin Kyoto tun 1889. Nasa sunansa Radar Scope. A 1980 reshensa na Amurka ya yi odar injuna 3,000. Kafin jirgin ruwa ya iso, yayin ya fara wucewa, kasuwa kuma ta cika da irinsa. Kimanin 1,000 kawai aka sayar, 2,000 suka yi kwantai a sito.

Da abin ya zo wuya, sai aka ba wani matashin mai zane, Shigeru Miyamoto, aikin ya samo wasan da za a zuba cikin injunan nan. Bai sake yin na harbi ba. Ya kawo labari ne: goggon biri ya sace wata yarinya, wani kafinta yana hawa tsani yana tsallake ganguna don ya ceto ta. Shi ne Donkey Kong na 1981. Cikin shekara guda aka sayar da injuna wajen 60,000 a Amurka. Kafintan nan kuwa shi ne daga baya aka sani da Mario.

Su kuwa kamfanonin Amurka ba su ɗauki darasi ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Kowa ya buɗe kamfani, yana juya wasan wani, yana sauya suna da launi. Kantuna suka cika da tarkace, mai saye ya kasa bambance na kirki da na banza, sai ya daina saye gaba ɗaya. Cinikin da ya kai wajen dala biliyan 3.2 a 1983 ya faɗo zuwa kimanin dala miliyan 100 a 1985. A watan Satumba na 1983, Atari da kansa ya kwashi kayan da suka ƙi sayuwa ya binne su a juji a garin Alamogordo, ba a tono su ba sai 2014.

Wa ya tayar da kasuwar? Nintendon nan dai da ya sha kashi a kan kwaikwayo. A 1985 ya shiga Amurka da na'urarsa ta gida da wasan Super Mario Bros. Ya kuma kafa doka: duk kamfanin da zai yi wa na'urarsa wasa sai an duba an buga masa hatimi, kuma kada ya wuce wasa 5 a shekara.

To, ina gaskiyar take? Babu wanda aka haifa da iyawa, da koyo akan iya. Alcorn ya ara, amma ya ƙara nasa. Radar Scope ya bi yayi, ya tarar kasuwa ta watse. Matasanmu da ke koyon aikin kwamfuta, masu burin yin wasa nasu, ku koyi yadda na gaba suka yi, babu laifi. Amma kafin ku zuba jarin iyayenku, ku tambayi kanku: me ke cikin nawa wanda babu a na wancan? In amsar ita ce babu, ku tuna injuna 2,000 da suka kwana a sito. Kayan aro ba ya rufe katara.

Allah Ya sa mu dace, amin.