Gyaran Injuna a Kaduna: Daga Rile Zuwa PLC

Sana'ar gyaran injuna a Kaduna ta taso ne tare da masana'antun garin. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Masaƙun Nortex da Arewa da UNTL suka biyo baya, sannan kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975. Duk waɗannan a kudancin Kogin Kaduna suke, amma da dama daga cikin masu kula da injunan a arewacin kogin aka horar da su. Makarantar koyon fasaha da aka kafa a 1956, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968, tana Tudun Wada. Kusa da ita kasuwar Panteka ta bunƙasa, inda masu walda da maƙera da masu naɗin mota suka koyi aiki a hannun iyayen gidansu ba tare da takardar shaida ba.

Injunan wancan zamani da rile ake sarrafa su. In aka buɗe akwatin wutar injin saƙa ko na ɗaukar kaya, sai a ga layi-layi na rile da kwantakta da taima, wayoyi sun kaikaice tsakaninsu, kowace da lambarta. Rile ɗaya ya ja, ya saki wani, wancan ya tayar da mota. Gwanin ma'aikaci yakan gane inda matsala take daga ƙarar ƙas-ƙas ɗinsu kawai. Aibin tsarin shi ne bakin rile yana ƙonewa, ƙurar auduga da ta hunturu tana shiga tsakani, kuma duk sanda aka so canza yadda inji ke aiki sai an warware wayoyi an sake ɗaurawa.

Irin wannan wahala ce ta sa kamfanin General Motors na Amurka ya nemi madadin rile a 1968. Injiniya Dick Morley da abokan aikinsa suka ƙera Modicon 084 a 1969, wata ƙaramar kwamfuta mai jure zafi da girgizar masana'anta, wadda aka fi sani yanzu da PLC. Ana rubuta mata umarni da zane mai kama da tsani, kwaikwayon zanen wayoyin rile, don kada ma'aikacin lantarki ya ga baƙon abu.

Kafin na'urar ta yi araha, masana'antun Kaduna sun fara durƙushewa. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara daga waje suka gagari saye. Ga rashin wuta, ga atamfar fasa-ƙwauri. KTL ta rufe a 2002. Ma'aikata da dama suka koma aikin kansu, tsofaffin injuna kuwa suka watsu zuwa hannun ƙananan masu sana'a: masu buga bulo, masu niƙa, masu ruwan leda, masu ɗab'i. A nan aka gane cewa ƙarfen tsohon inji yakan fi akwatin wutarsa daɗewa nesa ba kusa ba. Gangar jikin tana nan garau, ƙwaƙwalwar ce ta tsufa.

Saboda haka sauya akwatin zuwa PLC ya fi sayen sabon inji sauƙi. Mai gyara yakan fara da ƙirga abin da zai shiga na'urar, wato maɓallai da na'urorin ji, da abin da zai fita, wato kwantakta da bawul da fitilu, ya ƙara 'yan gurabe saboda gaba. Inji mai sauƙin aiki ƙaramar na'ura irin LOGO ta Siemens ko Zelio ta Schneider ta ishe shi. Mai matakai da yawa sai a nemi jerin FX na Mitsubishi ko Delta ta Taiwan. Akwai kwaikwayon da ake shigowa da su daga Sin a farashi mai rahusa, sai dai arha ba ta ado: manhajar da ake rubuta umarni da ita, da kebul ɗinta, da samun mai iya ta a gari, su ma kuɗi ne. Wutar da ke hawa da sauka tsakanin ta gwamnati da janareto kuwa ta fi komai kashe na'urar, shi ya sa ake ba ta wutarta daban, galibi bolt 24.

Sauyin ya kawo wata matsala da zamanin rile bai sani ba. A da duk ma'aikacin da ya iya bin waya zai iya gyara aikin wani. Yanzu dabarar tana ɓoye cikin na'ura, wani lokaci a kulle da lambar sirri. In wanda ya rubuta ta ya bar gari bai bar kwafi ba, mai inji sai ya biya a sake rubuta ta tun daga farko.